Mai Agogo da Hannun Matarsa

Matso kusa, jawo kujera ka zauna. A'a, ba wannan ba, ƙafarta ɗaya na rawa, ɗauki waccan. Ajiye salular nan tukuna, ba inda za ta gudu. Labarin maƙwabcinmu zan ba ka, wani mai gyaran agogo, da matarsa mai kitso. In ka ji na yi dariya a tsakiya kada ka ɗauka labarin dariya ne. Su ɗin ne mutanen raha, ba yadda za a yi a ba da labarinsu da ɗaurarriyar fuska.

Kowa a layinmu Mai Agogo yake ce masa, har yaran da ba su taɓa ɗaura agogo ba. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, wurin da in ya miƙe tsaye sai ya sunkuyar da kai. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai gwangwanayen madara cike da ƙusoshi ƙanana kamar tsakuwar yashi. Tun yana saurayi yake zaune a wurin. In ya manna gilashinsa a ido ya ɗauki hantsaki, yana iya buɗe agogon da bai fi farcen babban yatsa ba, ya zaro silin gashin da ya tsayar da shi, ya rufe, ka ji ya ci gaba da tafiya. Da salula ta zo ta cinye kasuwar agogo bai zauna yana kuka ba. Ya koyi rediyo, ya koyi tocila, ya koyi caja, ƙarshe salular ma ya buɗe cikinta ya ga abin da take taƙama da shi. Duk wanda ya kawo masa kaya magana ɗaya yake ji: "Ajiye nan. Ba abin da ke tsayawa haka kawai. In an buɗe za a gani."

Matarsa kuwa a barandar gidansu take kitso, can saman bene, ɗaki biyu da kicin. Mata na hawowa da man gashinsu su zauna a kan matashi tsakanin gwiwoyinta. Tana kitso tana zuba hira, ba ta ma kallon kan, yatsun ne suka san hanya. Shi Gwana yake ce mata. Ita kuma Injiniya take ce masa, kuma kada ka zata girmamawa ce. Ranar da ya gyara mata dutsen guga ya ƙona mata sabuwar riga ta raɗa masa sunan.

"Injiniya, fankar nan ta soma ƙara," za ta ce.

"Bari in duba."

"Kada ka duba. Ƙara kawai take yi yanzu. In ka duba tashi sama za ta yi."

'Yarsu ɗaya ce, ta yi aure a wani gari mai nisa. Saboda haka su biyu ne a gidan, shi da ita, suna tsufa suna tsokanar juna.

Wata safiya tana tsakiyar kan wata mata sai mataji ya suɓuce mata. Ta sunkuya za ta ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Matar ta juyo za ta yi magana, ta ga bakin Gwana ya karkace gefe. Hawan jini ne ya shanye mata ɓarin dama. Allah ya yi da sauran kwana. Magana ta dawo, da ɗan nauyi a harshe. Ƙafa ta dawo, da taimakon sanda. Hannun dama ne ya zauna a kan cinyarta, yatsun a lanƙwashe kamar ta ɓoye wani abu a tafinta.

Kafin a sallame su daga asibiti aka tura su wurin likitar motsa gaɓoɓi, wata 'yar guntuwar mata mai babbar murya. Ta ɗauki hannun ta juya shi, ta lallatsa, sannan ta dubi Mai Agogo.

"Baba, hannun nan bai mutu ba. Amma watannin nan na farko su ne komai. In ana buɗe shi kullum, ana sa ta tana ƙoƙari da kanta, ina sa ran za ta sake riƙe mataji. In aka bar shi a dunƙule, jijiyoyin za su ɗaure, kuma in sun ɗaure ni ma ba ni da mabuɗinsu."

Ta nuna masa yadda ake yi. A tallafe wuyan hannu da tafi ɗaya, a soma da babban yatsa, a miƙar da sauran ɗaya bayan ɗaya, a riƙe, a ce mata ta tura.

"Zai yi zafi," in ji likita. "Za ta yi kuka. Za ta zage ka. Ka ci gaba."

"Zagi ai ya saba," in ji Gwana da karkataccen bakinta. "Shi yake karya kumallo da shi."

Suka koma gida. Ya rufe shago, ya zauna a gefen gado, ya ɗauki hannun. Ya miƙar da babban yatsa, ta cije leɓe. Ya miƙar da manuniya, hawaye suka zubo. Da ya kai na tsakiya ta saki ƙara, sai ya saki hannun kamar ya taɓa wuta, ya fita baranda ya tsaya yana kallon titi, gumi na bin bayansa. Mutumin da yake taɓa abin da ido ba ya gani ba tare da hannunsa ya yi rawa ba, ga shi yatsun matarsa sun gagare shi.

"Dawo, Injiniya," ta kira shi daga ɗaki. "Ba gilashi ba ne, ba zai fashe ba."

Ya dawo, ya ƙarasa, amma fuskarsa na kallon bango. Haka suka riƙa yi. Shi a wurinsa azaba ce yake gana mata da hannunsa. Abin da bai sani ba, ita duk ranar wannan lokacin take jira. Rabon da ya riƙe hannunta ya daɗe haka tun suna yara masu jin kunyar juna. Tana kukan, amma tana jin ɗumin tafinsa, tana jin ƙanshin man inji da ba ya barin farcensa.

To, shago ba ya buɗe kansa. Dole ya koma. Ƙanwar Gwana ta soma zuwa da rana tana yi musu girki da shara. Ita wannan bakinta ba ya shiru, kuma ba ta raga wa mijin yayarta ko kaɗan. Likita ta koya wa Gwana yadda za ta buɗe yatsun da hannun hagu in ba kowa. Da yamma in ya dawo sai ya tambaya.

"Gwana, kin yi?"

"Na yi."

"Ta yi barci dai," in ji ƙanwar daga kicin. "Yaya Injiniya, in ba ka nan ko kallon hannun ba ta yi. Na ce ta kawo in yi mata, ta ce hannuna sanyi kamar na kwaɗo."

Wani mijin da faɗa zai yi. Wani ya zauna ya lallashe ta. Shi kuwa mai gyaran agogo ne, sai ya yi tunani irin na mai gyaran agogo. Ya ce a ransa, mutum na mantuwa, yana buƙatar abin da zai tuna masa. Mutum kuma ba ya ganin ci gabansa da idonsa, shi ya sa yake karaya. In ta ga sakamako nan take, za ta yi.

Ya samo wata safar hannu mai taushi. Ya ɗinka siraran wayoyi a bayan kowane yatsa, ya haɗa su da wani ɗan akwati kamar na ashana a wuyan hannu. A jikin akwatin ya sa ƙwan fitila biyu, ja da kore. In lokaci ya yi sai akwatin ya yi tsuwa, ja ya kama. In yatsun suka buɗe iya yadda likita ta ce, sai kore ya haska. Ya kawo gida a nannaɗe cikin hankici yana murmushi.

Gwana ta dube shi, ta dubi safar. "Wato ka ɗauko mini Sufeto."

"Mataimaki ne."

"Sufeto ne. Dubi jan idonsa."

Sunan ya zauna. Kuma gaskiya a farko abin ya yi aiki. Safar na buƙatar saiti, saboda haka kullum yana gida da azahar, gilashi a ido, hannunta a cikin nasa. "Buɗe. Tsaya. Rufe. Sake buɗewa." Da yake hankalinsa na kan waya, sai ya zama yana iya jure kukanta. Yana matsa yatsun yana auna su, tana zaginsa yana cewa "Saura kaɗan." Wata rana yana cikin ɗaure wata ƙusa sai manuniyarta ta ɗaga da kanta, ba wanda ya taɓa ta. Kaɗan ta ɗaga, kamar mai son yin tambaya a aji. Suka tsaya suna kallonta su biyu. Ƙanwar ta fito da ludayi a hannu tana ihu. Gwana ta yi kuka, wannan karon ba na zafi ba.

"Kin gani?" in ji shi. "Kin ga aikin Sufeto?"

Ba zan ce maka safar ba ta taimaka ba. Koren nan yana faranta mata rai, na gani da idona. Amma dai ka riƙe a ranka wanda yake riƙe da hannun lokacin da yatsan ya ɗaga.

Da saiti ya kammala sai zuwan azahar ya ƙare. Da safe ya sa mata safar, ya sha shayinsa, ya sauka. Ƙanwar ta gama aiki ta tafi gidanta. Ya rage daga Gwana sai Sufeto. Barandar da ke cika da hayaniya ta zama wurin shanya. Tana jin muryoyin tsofaffin masu zuwa kitso suna wucewa ta ƙasa, sun nufi gidan wata mai kitson, suna rage murya in sun zo daidai benen. Can sai akwatin ya yi tsuwa, jan ido ya buɗe.

Wata rana ya yi tsuwar, ta dube shi ta daɗe. Sai ta sa hannun hagu ta ɗago na dama, ta kai bakinta, ta datse wayar da haƙori.

Da yamma ya dawo ya tarar Sufeto ya mutu. Ya manna gilashi, ya kai wayar ƙarƙashin fitila, ya ga sawun haƙori ɓaro-ɓaro.

"Ɓera!" ya ce. "Gwana, akwai ɓera a gidan nan."

"Ƙato kuwa," in ji ta. "Na cire na ajiye zan shiga wanka, ashe yana laɓe."

Washegari bai je shago ba sai la'asar. Ya zauna ya sake ɗinki, ya sake saiti, hannunta a cikin nasa. "Buɗe. Tsaya. Rufe." Ta yi masa duk yadda ya ce, har da ƙari.

Bayan 'yan kwanaki ɓera ya dawo. Ya sake dawowa. Mai Agogo ya sayo tarko ya ɗana a bayan ƙofa, a ƙarƙashin gado, a kicin. Ya toshe ramin da ke bayan kwabad da siminti. Tarko bai kama komai ba sai yatsan ƙafarsa. Ƙanwar kuwa tun karo na biyu ta gane. Ta ɗauki wayar ta juya ta a haske.

"Yaya Injiniya, wannan ɓeran naku wushirya gare shi?"

"Wace irin wushirya kuma?"

"Na ga tsakanin haƙoran da ɗan fili ne."

"Ke dai ba ki da aikin yi," in ji shi, ya karɓe wayarsa. Gwana ta watsa wa ƙanwar harara, ƙanwar ta rufe bakinta da gefen gyale.

Kada ka ce ba ta taɓa faɗa masa ba. Ta faɗa, irin faɗar matar da ta shekara da shekaru tana ciyar da kanta, wadda ba ta iya roƙo ba. Wata yamma yana cin abinci ta ce, "Injiniya, gidan nan ya yi shiru da yawa. Tun safe ba muryar da nake ji." Ya tsaya da cokali a hannu. Ya gyaɗa kai a hankali, ta ga maganar ta shige shi, har ranta ya yi sanyi.

Kwana kaɗan sai ga shi ya shigo da saurinsa. Ya sa mata safar, ya ce ta buɗe. Ta buɗe, kore ya haska, sai ta ji muryarsa ta fito daga ɗan akwatin: "Madalla, Gwana! Ƙara buɗewa."

"Na ɗauki muryata na sa a ciki," ya ce. "Yanzu ba sauran shiru."

Ta yi dariya. Ta yi ta dariya har hawaye suka wanke mata fuska. Shi ma ya taya ta, yana jin daɗi ya burge ta.

Da ɓera ya sake cin waya sai ya yi fushi na gaske. Ya ce wannan karon zai yi wanda ko kura ba ta iya ci. Ya ɗauke safar ya tafi da ita shago, kuma ka san shi, in ya sa abu a gaba ba ya ganin komai. Makonni ya yi yana fita da sassafe, yana dawowa bayan magariba idanunsa sun yi ja. Duk tsawon lokacin ba safa, ba saiti, ba mai riƙe hannu. Manuniyar da ta soma ɗagawa ta koma ta kwanta cikin 'yan uwanta.

Sabon Sufeto da ya kawo abin kallo ne. Wayoyin ya zura su cikin bututun ƙarfe mai lanƙwasuwa, irin na birkin keke. Ya haɗa akwatin da cikin wata tsohuwar salula, ta yadda duk lokacin da kore ya haska a gida, ɗigon kore zai fito a salularsa a shago. Ya kuma tsaga safar ta gefe ya sa mata maɗauri mai mannewa irin na takalmin yara.

"Kin ga wannan?" ya ce, yana manna shi yana ɓarewa. "Da hannu ɗaya za ki sa abinki. Yanzu ba sai kin jira ni ba."

"Ba sai na jira ka ba," ta maimaita.

"Ko kaɗan."

Ta gwada haƙori a bututun bayan ya fita. Haƙorin ne ya yi tsami. Sai ta ajiye safar a kan tebur ta bar ta tana tsuwa. Da azahar salularta ta yi ƙara, shi ne ya kira. "Gwana, Sufeto ya kawo ƙararki." Da la'asar ma haka. Da yamma ya dawo kafaɗunsa a zube, ya tsakuri abinci ya ture, ya buɗe akwatin yana neman inda ya yi kuskure. Ta zauna tana kallon ƙeyarsa, tana kallon furfurar da ta ƙaru a 'yan watannin nan. Ta ji shi yana cewa a hankali, ba da ita yake ba, "Abu ɗaya da na iya ke nan, shi ma ya ƙi."

Wannan maganar ce ta karya ta. Washegari da akwatin ya yi tsuwa, ta ɗauki safar, ta juya ta, ta zura hannun hagu, lafiyayyen, ta ja maɗaurin da haƙori. Ta buɗe yatsunta. "Madalla, Gwana! Ƙara buɗewa." Ta ƙara.

Ran nan ya dawo da lemo a leda yana 'yar waƙa a matakala.

Daga nan kullum kore. Hannun dama ya koma ƙarƙashin gyale. In ya ce "Yaya hannu?" idonsa na kan salula, sai ta ce "Tambayi Sufeto mana." Shi kuma, Allah ya sani, sauƙi ya samu da ba sai ya ɗaga gyalen ba. Ranar komawa asibiti ta zo, ya dubi matakala, ya dubi sandarta, ya ce mene ne na wahalar da ita da bin layi alhali ga sakamako a hannunsa. Ta ce gaskiya ne. Wata ranar ta sake zuwa, ta sake wucewa.

Ƙanwar ta kama ta da rana tsaka, safa a hannun hagu.

"Yaya! Kanki fa kike cuta."

"Kin ga fuskarsa jiya? Yaushe rabon da ki ga haƙoransa?"

"To hannun fa? Kitson fa?"

"Zan koma. Bari dai ya ɗan huta tukuna. Kuma in kika faɗa masa, ba ni ba ke."

Ƙanwa ƙanwa ce, ko bakinta ya kai ina. Ta riƙe sirrin tana jiran ranar da yayarta za ta koma. Gwana ma da gaske take za ta koma. Ta gwada sau ɗaya, ta tarar yatsun sun ƙi ko motsi, zafin ya kai har wuya. Tsoro ya kama ta, ta mayar da gyalen.

Shi ne da kansa ya ce a je asibiti, ba don ciwo ba, don ya nuna wa likita abin da ya ƙera. Ya sa rigarsa mai kyau, ya goge akwatin Sufeto har yana ƙyalli. Gwana ta ce kanta na ciwo, ya ce iska za ta yi mata amfani. Ƙanwar ta bi su ba wanda ya gayyace ta.

Likita ta yi musu faɗan rashin zuwa, amma da ta ga safar sai faɗan ya tsaya. Ta juya ta, ta lanƙwasa bututun, ta yi tambaya, ya amsa, ya nuna mata salula, kore a jere kamar an shuka.

"Baba, wannan ai abin mamaki ne. Sa mata mu gani."

Ya durƙusa a gaban matarsa, ya ɗaga gyalen.

Hannun ya rame. Wuyansa ya lanƙwashe ciki, yatsun sun nutse a tafi, farcen ya yi tsawo ya shiga nama. Wani wari na tashi daga cikin dunƙulen, irin na wurin da ruwa ya daɗe bai shiga ba, iska ma ba ta shiga ba. Ya kai safar, ba ta da ta inda za ta shiga. Ya kama babban yatsa zai ɗaga, ya ji kamar ya kama ƙarfen da aka yi wa walda.

"Ai jiya ma kore ne," ya ce. Ya ɗago salular yana nuna wa likita, yana nuna wa ƙanwar. "Ga shi. Jiya ma."

Gwana ta miƙa hannun hagu ta karɓi safar daga wurinsa. Ta juya ta, ta zura, ta ja maɗaurin da haƙori, yadda ta saba. Ta buɗe yatsunta. A cikin ɗakin likita, muryarsa ta fito da fara'arta: "Madalla, Gwana! Ƙara buɗewa."

Likita ta ɗauki hannun dama ta daɗe tana dubawa. Da ta yi magana, babbar muryar nan ta koma ƙarama.

"Ba zan yi muku ƙarya ba. Za mu iya rage zafi. Za mu iya buɗe shi kaɗan don a riƙa wankewa. Amma mataji, Mama, ki yi haƙuri."

A kan bencin da ke waje suka zauna. Mutane na wucewa da katunansu. Ya dubi takalminsa ya ce, "Me ya sa, Gwana?"

Ƙanwar ce ta fashe. "Me ya sa? Kai da kake ganin gashi a cikin agogo! Ka ɗana tarko a duk gida, ka toshe rami da siminti. Wane ɓera ne ke cin waya ya bar burodi a kan tebur? Ita ce! Don ka zauna ne! Ni ma da na rufe bakina, Allah ya isa tsakanina da kaina."

"Ke, ya isa," in ji Gwana. Ta juya wurinsa. "Kore kake so, na ba ka kore."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa. Ka sa mini murya a akwati."

Ya rufe fuska da tafukansa. Ta cikin yatsunsa ya ce, "Kukanki nake tsoro. Duk lokacin da na taɓa ki sai ki yi ƙara. Na kasa."

"Kukan ai nawa ne, Injiniya. Wa ya ce ka ji tsoronsa?"

Ta ɗora hannun hagu a kan gwiwarsa, safar na jiki ba ta cire ba, suka zauna a haka har bencin ya zama su kaɗai.

Yanzu in ka bi ta ƙarƙashin matakalar nan da azahar za ka tarar da shago a rufe. Yana gida. Yana kawo ruwan ɗumi a roba, ya naɗe ƙaramin yatsansa da tsumma mai laushi, ya tura shi a hankali cikin dunƙulen, ya wanke, ya tsane, ya shafa mai. Farcen da ƙaramin almakashinsa na aiki yake yanke shi, ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu tana kuka, har yanzu tana zaginsa, ya daina fita baranda. Yatsun sun buɗe iya yadda yatsansa ɗaya zai shiga, nan suka tsaya. Kanta kuwa ƙanwar ke yi mata kitso, ita Gwana tana zaune a ƙasa a kan matashin da wasu suke zama a da, tana shafawa da hagu tana cewa, "Wannan tsaga ce ko hanyar mashayi?"

Kwanan baya likitar ta zo har shago ta same shi. Ta ce tana da marasa lafiya da ba su da kowa a gida. Akwai wani tsohon direba da ke zaune shi kaɗai a ɗakin haya, ba mai tuna masa, ba mai ce masa sannu. Ta ce ga irinsu safar nan za ta iya zama bambanci tsakanin hannu mai aiki da wanda ya ɗaure. Ta roƙe shi ya ƙera mata ko 'yan kaɗan ne, su gyara abin da ke buƙatar gyara tare. Ya ce zai yi tunani.

Ya kai maganar gida. Ranar farko Gwana ta ce, "Ka ba su. Safa ba ta yi wa kowa laifi ba." Washegari yana cikin wanke mata hannu ta ce, "Amma fa wanda aka ba safa, 'ya'yansa cewa za su yi an gama, ba sai sun zo ba." Daga nan ba ta sake tayar da zancen ba.

Jiya ya tare ni a bakin layi ya nemi shawarata, shi ya sa na kawo maka maganar. Likita na jira, direban nan ma watanninsa na farko suna tafiya. Kai da ka zauna ka ji daga farko har ƙarshe, in kai ya tambaya, ya ƙera ko kada ya ƙera?